Kakin Aro

A Maiurno, gindin dalbejiya,
wajen Batula mai shayi,
Barmo ya zo da kaki mai ƙamshin kanti,
yana ƙirga yaƙoƙinsa da yatsu.

Kawu Jatau, mai ƙafar katako,
ya ce, "Yaro, faɗi lambarka."
Barmo ya yi tari, wai ta ɓace masa.

"Lamba ba ta ɓacewa.
Na taɓa manta sunan ƙanwata,
ban manta tawa ba."

Tayar babur ta fashe a bakin kasuwa.
Kawu ya kife ƙasa, shayi a gemu.
Barmo na tsaye, har da dariya.

Batula ta fizge kofinsa:
"Soja nake ba kyauta.
Kawo kuɗina, har na jiya."