Tafinta a Kongo

Ƙarfe tara aka ce, sha ɗaya aka fara.
Ni ina akurkin gilashi can ƙarshen zaure,
na'ura a kunne, ruwan gora a gefe.
Aikina ɗaukar magana daga wannan baki zuwa wancan kunne,
ɗiban ruwa da rariya.

Baƙin a Kaduna suka kwana,
suka iso da jiniya tun daga Kwangila.
Ta farko, mai furfura, ta haska taswira a bango,
an shafa wa kowace ƙasa launinta:
kore ga masu lafiya, ruwan ɗorawa ga masu jinya,
mu kuwa ja wur,
sai ka ce a kanmu aka yanka zakaran.

Wani ya ce ba ci gaba sai da tsaro.
Wani ya ce ba tsaro sai da ci gaba.
Suka yi ta juya ta kamar waina a tanda
har aka kira shan shayi.

Bayan azahar aka ba Malam Jatau minti uku.
Daga ɗakin haya a Tudun Jukun aka ɗauko shi,
damina biyu rabonsa da gonarsa ta bayan Giwa.
Ya riƙe makirfo riƙon ƙotar fartanya.
Masu kyamara suka matso, suna jiran hawaye.
Bai ba su ba.

Ya ce, "Sannunku da hanya. Ni tambaya ce da ni.
Maƙerin garinmu, Barau,
na san duk abin da ke fita daga wutarsa:
garma, lauje, gatari, linzamin jaki.
Abin da aka ɗora mini a ƙeya
daren da aka kore shanuna,
ba Barau ya ƙera ba.
Da rubutu a jikinsa, kuma ba ajami ba ne.
Cikinku wa ya san garin da ake ƙera shi?
In kun koma ku gaishe mini da maƙerin,
ku ce masa aikinsa yana ci."

Ya yi shiru. Saura ni.
Na dubi waɗanda suka biya kuɗin zauren,
da na shayin, da ladana na yini.
Ran Litinin za a kori Ladidi daga makaranta
in ban kai cikon ba.
Na buɗe baki, na ce da harshensu,
"Manomin yana nuna damuwa kan yaɗuwar ƙananan makamai."

Kawuna suka gyaɗa, alƙaluma suka motsa.
Mai furfura ta ce ai yana shafi na sha bakwai,
har an kafa masa kwamiti.
Aka tafa.

Jatau bai ji yarensu ba,
amma ya daɗe yana kai hatsi kasuwa,
ya san mudun da aka doki gindinsa.
Ya auna tsawon tasa, ya auna tsawon tawa,
ya dube ni ta cikin gilashi.

Tun la'asar sakaliya baƙin suka kama hanya,
an gaya musu ba ta biyuwa da duhu.

Na same shi bakin ƙofa yana jiran Keke,
rungume da jakar taron mai hoton kurciya.
Ya ce, "Me suka ce?"
Na ce, "Za su duba."
Ya zaro biro da littafin ciki, ya miƙo mini.
"Kai wa yaranka. Jakar zan riƙe.
Akwai irin dawa da na gudo da shi,
ɓeraye sun matsa masa."

Biron yana aljihuna har yau.
Da shi na rubuta wannan,
da tsawonta yadda ya faɗe ta.