Haɗin Hagu

Ofishin maƙabarta na bisa tudu a Balparaiso,
tagarsa na kallon teku.
Can ƙasa jirage na sauke kaya,
mu nan muna lissafin waɗanda aka sauke sau ɗaya, ba daɗi.

Ni ce mai riƙe da rumbun bayanai, Eulaliya Painemal.
Jadawali biyu aka damƙa mini.
Na farko na mamata ne: suna, ranar binnewa, lambar kabari.
Na biyu na masu biyan kuɗin kabarin:
suna, unguwa, lambar waya, sai waccan lambar dai.
Ita ce igiyar
da ta ɗaure na cikin ƙasa da na bayan ƙasa.

Ran Talata Nibaldo ya leƙo da kofinsa mai tsagaggen baki,
wai shugaba na son jerin kowa da mai biya masa
kafin a aika takardun tuni.
Na rubuta tambayar, layi huɗu:
ɗauko daga nan, ɗauko daga can,
haɗa su inda lamba ta gane lamba.
Na danna.
Kafin ya kurɓi shayinsa
ga dubu goma sha ɗaya da ɗari biyu da shida,
kowane mamaci riƙe da hannun rayayyensa.
Ya ce madalla, ya juya.

Ni kuwa na san yawan kaburburanmu.
Dubu sha huɗu ne da 'yan kai,
kuma ruwa ba ya tsami banza.

Haɗin ciki ba ya ƙarya,
tausayi ne bai iya ba.
Wanda ba shi da kowa a ɗaya ɓangaren
sai ya bar shi a bakin ƙofa, ko sallama babu.

Sai na sauya kalma ɗaya tak.
Na ce haɗin hagu:
duk wanda ke jadawalin hagu ya fito,
da mai dangi da wanda dangi suka ƙare masa.

Suka fito.
Zoila, kwana tara a duniya.
Wani matuƙin jirgi da aka rubuta rabin sunansa.
'Yan'uwa uku, rana ɗaya, shekarar gobara.
Gefen dama na kowannensu fari fat,
na'ura ta cike gurbin da kalmarta ta babu,
babu, babu,
har yatsana ya gaji da gangarawa.

A layi na dubu da wani abu na tsaya.
Ramiro Huenchul, kabari na 4071, babu.
Ƙarya ne!
Duk watan Maris gwaggo Herminiya ke hawo tudun nan
da sandarta, da kuɗi ƙulle a hankici,
ta tsaya sau uku a matakala tana mayar da numfashi.
Na neme ta a jadawalin dama. Ga ta nan,
shekara talatin da ɗaya ba fashi.
Lambar ce: wani magatakarda da ya daɗe da ritaya
ya buga harafin O inda sifiri ya kamata.
Ido ba ya rarrabe su. Na'ura na rarrabewa.
Da ƙwayar zarra aka raba mace da mijinta,
saura ƙiris a sa shi cikin waɗanda za a kwashe.

Na goge harafin, na sa sifiri.
Na sake tambaya.
Dubu goma sha ɗaya da ɗari biyu da bakwai.

Ba wanda zai sani, ita ma ba za ta sani ba.
Sauran kuwa suna nan da fararen gurabensu,
ba harafin da zan goge musu.
Nibaldo ya kashe fitilar baranda, yana kaɗa makullai.
Na ce ya ba ni minti biyar.
Ina karanta sunayen ne a hankali,
tunda yau dai an kira su.