Tsirkiya Goma Sha Ɗaya

Ni mai shayi ne a Kakuri, ba makaɗi ba.
Teburina na jingine da katangar masaƙa,
wadda ta yi shiru tun ɗana yana goye,
yau ga shi da gemu.
A ƙarƙashin teburin nan kayan kiɗansu ke kwana,
tsakanin buhun gawayi da kwalin madara.

Ran Laraba, bayan isha'i, suke zuwa.

Jatau ke fara isowa, da garaya.
Jikan maharba ne daga Giwa,
ubansa ya kaɗa wa maza masu kwana a dawa,
shi kuwa shekara ashirin yana ƙulla zare a gaban inji,
ko zomo bai taɓa harba ba.
Amma ya taɓa tsirkiya biyun nan
ka ga karnukan layi sun miƙe kunne.

Sai Bulus Kazah, mutumin Zonkwa, da jita.
A coci ya koya, yana ɗan shekara tara,
ana ɗora shi kan benci don a gan shi.
Tsirkiyarsa ta shida ta tsinke
a makon da aka sallame su daga aiki.
Ya rantse ba zai sayi wata ba
sai ranar da aka biya shi haƙƙinsa.
Har yau biyar ce.

Ndagi na da molo.
Daga Bida jirgin ƙasa ya kawo shi, ya ƙi mai da shi.
Tsirkiya uku, duk wayar burkin keke.
A kwale-kwalen kakansa ya fara jin kiɗa,
shi ya sa kullum yana bayan kowa da rabin taki.
Jatau ya ce, kana jan ƙafa.
Ya ce, ka taɓa ganin ruwa yana sauri don wani?
Wannan gardamar ta girmi butar shayina.

Gwamma ce ta ƙarshe,
don sai ta rufe rumfarta a Kasuwar Barci
ta hau mota ta tsallako gada.
Gogen kawunta ne, izgar doki, fatar guza.
Ba wanda ya koya mata;
ta bayan zana ta saurara shekara bakwai,
ran da ya rasu ta ɗauka,
aka ji kamar bai tafi ba.
Takan shafa ƙaro a hankali, ba ta gaisawa da kowa
sai ta ja baka sau ɗaya,
sauran su karkata kunne, su ɗaure, su sassauta,
jitar coci da garayar dawa
su zo su durƙusa wa tsirkiya guda.

Ba lasifika, ba janareto.
In an ɗauke wuta ma sun fi so.

Shekarar da aka hana fita, aka rufe gada,
Laraba uku ba Gwamma.
Mazan suka zauna, suka kaɗa ƙasa-ƙasa,
in an zo gurbinta sai su ɗaga hannu,
su bar shiru daidai tsawon jan bakanta,
sannan su ci gaba.
Ni da ba na kuka, na ɗora wa hayaƙi laifi.

Kwanan baya wani yaro ya zo da waya,
ya ce, mene ne sunan ƙungiyar,
kuma wannan kiɗan na wace ƙabila ne?
Suka dubi juna.
Ndagi ya ce, tambayi mai shayi,
shi ke bin mu bashi.

In sun watse nakan ƙirga kafin in rufe:
biyu, biyar, uku, ɗaya.
In yafa musu tsohon buhu saboda raɓa,
in bar ɗan sarari a gefen jita,
ko da za a biya Bulus.