Ina Rana Ka Hwaɗuwa?

Sun ba ni fili bayan Dundaye,
kadada biyu da 'yan kai,
da kuka guda a tsakiya wadda ba ta cikin takarda.
Suka ce ginin binciken kimiyya da injiniyanci,
hawa uku, ɗakin gwaji goma sha huɗu.
Na yi kwana tara ina zana.

Dakta Hajaru ta sashen sinadarai
ta buga tebur: "Hayaƙin gwajina
kada ya bi iska ya dawo hancin ɗalibai.
Ki ba shi bututu ya zarce rufi."
Injiniya Sidi kuwa ƙasa yake so,
daɓe mai kaurin kamu biyu,
wai injinsa na murƙushe kankare
in ya yi tari har Kwalkwalawa sai an ji.
Ga wani siririn malami mai madubin ganin ƙwayoyin cuta,
shi ko takun ƙadangare
girgiza masa aiki yake yi.
Yaya guduma da ƙwai za su kwana ɗaki ɗaya?
Na kai wannan gabas, wancan yamma,
na shimfiɗa tsakar gida tsakaninsu
kamar maƙwabtan da suka daina magana.

Ma'aji Modi ya iso da jan biro.
Ya soke hawa na uku,
ya soke na'urar sanyaya ɗaki ashirin.
"Ko an saya, wace wuta za ta ja su?"
Na dubi bangon gilashin da nake taƙama da shi,
a garin da bazara ke narka kwalta.
Ashe tanda na tsara wa mutane, sai ƙuna.

Ran Juma'a na kai wa Baba Arzika takardar.
Shekara arba'in yana kwaɓa ƙasa da ƙafa,
yana ɗora tubali, bai taɓa riƙe fensir ba.
Ya riƙe ta a juye. Ban gyara masa ba.
"Ke ɗiya, ina rana ka hwaɗuwa?"
Na nuna.

"To don mi kinka buɗe mata baki?
Ba ta baya.
Taga arewa, taga kudu, sama-sama, iska shi ratsa.
Bango shi yi kauri,
shi sha zahi wuni, shi amayo shi cikin dare.
Wanga ɗigo hwa?"
Na ce kuka ce, za a sare.
Ya daɗe bai tanka ba.
"Ta san wurin tun ba a ba shi suna."

Na koma na goge.
Masu gwajin ƙasa suka haƙa rami shida,
suka fito da baƙar laka mai kumbura da damina,
mai tsagewa da rani kamar faso.
Sai harsashi ya nutse ya tarar da tsakuwa.
Na jera farantan hasken rana a kan rufi,
wadda ke gasa mu ta biya haraji.
Na haɗa indararo da tanki a ƙarƙashin ƙasa.
Baranda na lanƙwasa ta, ta kewaye kukar.
Sidi ya ce asarar siminti buhu tamanin.
Na sa hannu, na bar shi yana ƙara aunawa,
ni na gama auna.

Jiya aka kafa turaku, aka ja igiya.
Babu bulo ko ɗaya tukuna.
Jajayen awaki na kiwo cikin ɗakin Dakta Hajaru,
yarinyar da ke kora su ta tsaya tana kallona.
"Mi za a yi nan?"
Na ce wurin da ake tambayar ƙarfe da ruwa
har sai sun faɗi gaskiya.
"Ta ina a ka shiga?"
Na nuna mata tsakanin turaku biyu.
Igiyar ba ta kai gwiwarta ba,
amma ba ta tsallaka ba.
Ta zagaya, ta kaɗe ƙafa,
ta yi sallama a ƙofar da ni kaɗai nake gani,
ta shiga ta tsaya inda babbar taga za ta zauna.