Ragowar Littafin Lissafi

An rufe makaranta ranar Alhamis,
ranar Juma'a buhun gari ya san an yi hutu.
Mudu ukun da ke kai mu kwana biyu
yanzu kafin la'asar sai labari.
Lukmanu ya rataye yunifom a ƙusa
kamar wanda ya sauke bashi,
ya ɗauki ƙugiya ya nufi fadama,
ya dawo da tarwaɗa ɗaya, da mura.

Jega a watan Agusta,
sama ba ta shawara da kowa.
Kwatar ƙofar gidanmu
shekara huɗu tana jiran kwalbati.
Ta cinye takalmin Ige na hagu,
ta cinye kazar maƙwabta,
ran nan ta leƙo zaure
ta ɗanɗana ƙafar keken ɗinkin Sahabi.

Shi maigidan bai ce uffan ba.
Tutoci yake ɗinkawa,
na waɗannan da safe, na waɗancan da yamma,
zare ɗaya, allura ɗaya.
Ya ce, "Ni jam'iyyata wanda ya biya."
Guntayen ƙyallen na haɗa wa auta siket,
tana tsalle a tsakar gida
sanye da gwamnati da 'yan adawa.

Marwanatu ce ta tsokano maganar,
'yar aji biyu, baki kamar reza:
"Inna, kullum kina faɗa da kwata,
ita kuwa ba ta da kunne."
Ta yago ragowar littafin lissafi,
ta ja layi uku da bakin murfin tukunya:
suna, gida, abin da ruwa ya ci.

Muka bi gida-gida bayan azahar.
Wadda ta iya ta sa hannu,
wadda ba ta iya ba ta dangwala da bular wanki.
Tsohuwa Hantsi ta dangwala sau biyu,
ta ce ɗaya nata,
ɗaya na katangarta da ta faɗi.
Arba'in da bakwai.

Taron mazaɓa a firamare, ranar Asabar.
Manyan riguna a kan bencin yara,
gwiwa tana gaisawa da haɓa.
Kansila Mande ya kurɓi lemo, ya dubi agogo,
ya ce ana sane, ana kan tsari.
Ban taɓa magana a gaban maza haka ba.
Na miƙe, mayafina ya maƙale a ƙusa,
aka yi dariya.
Na bar shi ya yage.
Na karanta sunayen duka, har da kazar.

Ya karɓi takardar da yatsa biyu,
ya juya bayanta, ya ga jan biro.
"Wane ne mai uku bisa goma?"
Marwanatu ta ce, "Ni ce, ranka ya daɗe.
Daren jarrabawar a tsaye muka kwana,
ni ke riƙe da katifa."
Ajin ya yi tsit
har ana jin yoyon kwano yana faɗawa a bokiti.

Kwana tara, tifa ta juye yashi.
Siminti, an ce, yana hanya,
wataƙila ta Kamba ya zagayo.
Yara sun mai da tulin wurin sulu,
rabinsa ya gangara, kwata ta ce na gode.
Amma yanzu in na wuce majalisar bakin titi
sai a gyara zama,
wani ya ce, "Ga mai takarda nan."

Jibi za a koma.
Wandon Lukmanu ya ɗage ya bar idon sawu,
Sahabi yana ƙara masa tsawo da dare
da ƙyallen da ba na kowace jam'iyya ba.
Na sayo littattafai shida a kasuwa,
na ajiye wa Marwanatu mai kauri.
Na ce, bana ki ci lissafinki,
amma ki rage mini shafukan ƙarshe.
Famfon masallaci wata biyar ke nan yana tari.