Teku a Baho

Kwana tara da dawowata,
har yau yashi na zubowa daga aljihun jakata,
fari fat, kamar garin shinkafar da aka tankaɗe sau biyu.
Na kakkaɓe shi a tsakar gidanmu na Yakasai,
kaji suka rugo, suka tsattsaga, suka koma da haushi.

Inna Sahura ta ce, "To, ɗan ruwa, ba mu labari."
Ta ina zan fara?
Ƙasa ce da ruwa ya yi wa ƙawanya,
ba ƙofa, ba ganuwa,
sai kwalekwale da wani tsoho mai giɓi,
ba ya jin Hausa, ba na jin yarensa,
muka yi ciniki da yatsu har muka daidaita.

Ruwan kuwa, Inna,
a gaɓa kore ne garai-garai, kina ƙirga yatsun ƙafarki,
in kin matsa ya zama shuɗi,
in kin ƙara matsawa ya rine
kamar turkudin da kike ɓoyewa a ƙasan adaka.

Aka ɗaura min gilashi a fuska,
aka sa min bututu a baki, aka ce numfasa.
Ni da na koyi iyo a kududdufin bayan ganuwa,
inda ba ka ganin tafin hannunka,
inda kwaɗi ke jan baƙi muna amsawa,
ni da kika zane da igiyar guga
ranar da na dawo da jan ido da farar ƙafa,
sai ga ni kwance a gadon bayan teku kamar ganyen da ya faɗo,
ina leƙen wani gari a ƙarƙashina.

Gari ne, wallahi.
Duwatsu masu rassa kamar ƙahon barewa,
ga lunguna, ga zauruka,
kifaye sun ci ado da atamfar da babu irinta a Kantin Kwari,
mai ratsin ɗorawa, mai ɗigon zabo,
wani ja wur da baƙin kwalli a ido,
cunkoso kamar Ƙofar Wambai ranar jajibere,
amma ba hon, ba wanda ya taka wani.
Kunkuru ya gifta ni a tsanake,
ko kallo ban ishe shi ba,
sai ka ce wanda nake bi bashi.

Na yi dariya, na manta da bututun.
Gishiri ya cika min maƙogwaro,
na taso ina tari ina salati,
tsohon nan yana dukan cinya, giɓinsa a waje.

Inna ta karɓi katantanwar da na yi mata tsaraba,
ta kara a kunne, ta lumshe ido.
"Ni dai injin markaɗen Ɗanlami nake ji," in ji ta.
Amma ba ta ajiye ba.

Da la'asar na taka neman kududdufin nan.
An cike shi.
Shaguna ne a kansa, ana sayar da tayal da famfo.
Na daɗe a tsaye daidai inda muke tsalle
har mai shagon ya ce, "Alhaji, me za a kawo?"

Na tarar da Barira, 'yar ƙanwata, a gida,
gilashin ya cinye rabin fuskarta.
Na tsayar da ɗan garuwa, jarka biyu,
na juye a babban bahon wanki,
na barbaɗa ragowar yashin jakata.
Ta durƙusa, ta tsunduma kai,
bututun na fito a saman kitsonta.

Shiru.
Ba komai a ciki sai tsohon cokali, na sani.

Ta ɗago, ruwa na ɗiga daga haɓarta.
"Kawu, na ga kunkurunka.
Ya ce ka yi haƙuri, zai biya."

Daga ɗaki Inna ta ɗaga murya,
katantanwar na kunnenta har yanzu:
"In kun gama da tekun kada ku zubar,
da shi zan yi wanki gobe."