Kilo Nawa Ce Murya?

Ran da za mu bar gidan haya na Kakuri
muka jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gadon Baba,
sai gadon ya karkace.
Ashe shi ke tallafe da shi tun da ƙafa guda ta karye.

Muka buɗe, kyankyasai suka watse kamar an tashi kasuwa.
Kaset ɗari biyu da 'yan kai,
faifan garmaho bakwai, ɗaya ya tsage,
kaset ɗin bidiyo masu kaurin bulo
duk sun yi furfura ta ciki.

Yaya Sallau ya ce a kira ɗan gwangwan.
Ya zo da kura da sikeli,
ya ɗaga, ya jinjina, ya taɓe baki:
"Roba ce, Hajiya, roba ba ta da nauyi.
Ni dai akwatin nake so."
Shekara talatin Baba yana tsakurar albashin masaƙa,
yana hana bakinsa goro,
aka taya ɗari takwas, har da akwatin.
Na ce albarka.

'Yata Nusaiba ta ɗauki guda tana juyawa,
tana shafa shi da ɗan yatsa:
"Mama, ta ina ake dannawa?"
Na zura biro cikin ƙaramin ramin,
na murza, na murza,
hannuna ya tuna abin da kaina ya manta.

A Panteka na sami Bitrus mai gyara,
ya zaro wata rediyo daga ƙarƙashin tarkace,
ya hure ta, ya ɗaura mata danƙo,
ya ce, "Wanne za mu fara?"
Na miƙa wanda Baba ya rubuta wa da jan biro:
Juma'a. Kada a goge.

Shuuu, kamar ruwa a kan kwano.
Sai goge ya shigo, sai kalangu,
waƙar da ya ɗauka daga gidan rediyo.
Ana tsakiyar amshi aka turo ƙofa:
"Malam, rage abin nan mana,
yarinya ba ta daɗe da barci ba."

Inna.
Shekara ashirin da biyu ban ji ta ba.
Na manta tana jan "mana" haka.
Can nesa jirgin ƙasa ya yi kuka,
Baba ya yi dariya ƙasa-ƙasa,
wata jaririya ta yi tari.
Ni ce.

Bitrus ya sunkuyar da kai
yana neman sukurun da bai ɓata ba.

Wata guda yana kwashe su ɗaya bayan ɗaya
zuwa wani ɗan abu da bai kai farcena ba.
Bidiyon bikin Sallau rabi ya fito,
mutane na rawa kamar a cikin yayyafi,
amarya ba kai, ango ba ƙafa,
matarsa ta kalla har sau uku tana share ido.
Faifan garmaho na ba wani malamin makaranta
da ya rantse yana da allurarsu.

Waɗanda suka tsinke, suka cukurkuɗe,
na kai wa Tanko mai noma a bakin kogi.
Ya warware zaren, ya ɗaura daga kara zuwa kara
a kan shinkafa, don korar tsuntsaye.
Jiya na bi ta gada da yamma,
iska na kaɗa shi, yana walƙiya, yana zuuu.
Ban san ko waƙar wa ce ba.

Na Juma'a yana wurina, da bironsa.
Akwatin kuwa yana ƙarƙashin gadona,
ko da yake nawa ƙafafunsa huɗu lafiya lau.